Ciwon Mantuwa da Kumburin Jiki: Nazarin Lamarin Wata Dattijuwa a Aboabo, Kumasi

Asali

Matar da wannan nazari ya shafa mazauniyar unguwar Aboabo ce a birnin Kumasi na ƙasar Gana, haifaffiyar 1951. A unguwa Hajiya ake kiranta, 'ya'yanta da surukarta kuwa Mma suke ce mata. Fataucin goro ne ya kawo kakanta daga ƙasar Kano. Ta yi fiye da shekara 35 tana dafa waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana, na sayarwa a kan murhun itace, tun kafin kiran asuba, a wani lungu mai rufin kwano da hayaƙi ba ya samun mafita. Ba ta yi boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani, kuma ita ce uwar adashin mata kusan 30. Ba ta rubuta komai. Wadda ta zuba da wadda ta ɗauka da wadda ake bi bashi, duk a ka take riƙe da su, kuma ba a taɓa jin an yi jayayya da lissafinta ba. Da wannan za a auna duk abin da ya biyo baya.

An gano tana da ciwon sukari a 2011, hawan jini a 2013. Shan maganinta na jin jiki ne: in ta ji jiri ko ciwon kai ta sha, in ta ji sauƙi ta ajiye. Katin inshorar lafiyarta kan yi watanni da ƙarewa ba a sabunta ba. Dasashinta ya daɗe yana zubar da jini in ta yi asuwaki, haƙora biyu ma da kansu suka fita. Gwiwoyinta na ciwo. Mijinta ya rasu a 2016, tun daga nan take zaune da babban ɗanta, kuma matarsa ce ke kula da ita.

2019 zuwa 2020: alamun farko

A ƙarshen 2019 surukar ta fara lura Hajiya na maimaita tambaya ɗaya sau uku kafin a gama cin abinci, tana kuma zuba gishiri sau biyu a miya. Sai ranar da ta miƙa wa mace ɗaya kwasar adashi wata biyu a jere, ta kuma rantse ba ta ba ta ba. Ɗanta ya cika kuɗin daga aljihunsa, aka rufe maganar. Gigin tsufa aka ce, alhali shekarunta 68.

Ranar 30 ga Maris 2020 aka rufe Kumasi da Akara saboda korona, na tsawon mako uku, masallatai kuma suka daɗe fiye da haka a rufe. Hajiya ta sauke tukunya, ba ta sake ɗora ta ba. Fita ta ragu, islamiyyar mata ta tsaya, adashin ya koma hannun wata. Daga mai tashi ƙarfe uku na dare ta zama mai wuni a kan tabarma.

Yuni 2021: faɗuwa ta farko

Ruwan zafi ya zubo mata a ƙafar hagu. Da yake sukari ya riga ya kashe mata jin ƙafa, ba ta yi kuka da shi ba, sai da wurin ya zama gyambo yana wari. Cikin dare ɗaya ta canza. Ta kwana tana sambatu, tana kiran mijinta, tana cewa akwai mutane a bayan labule. Da rana ta ɗan dawo, da magariba ta sake ɓacewa. Jikinta da ɗumi amma ba zazzaɓi mai ƙarfi ba.

Aka sayo maganin maleriya a shagon magani ba tare da gwaji ba. Aka kira malami ya yi tofi, aka ba ta rubutu, aka yi hayaƙi, domin mutanen gida sun fi karkata ga iska. Gyambon kuwa aka barbaɗa masa garin kafso. Bayan kamar kwana 10 sambatun ya lafa. Amma Hajiyar da ta tashi ba ta iya bambance takardar kuɗi ta sidi 10 da ta sidi 50, kuma wannan bai dawo ba har yau.

Yuli 2021 zuwa Janairu 2022: maganin kumburi

Wani jikanta da ke aiki a Italiya ya karanta a intanet cewa kumburi ne ke cin ƙwaƙwalwar tsofaffi. Ya aiko da ƙwayoyin kurkum da man kifi, ya kuma ce kada a bari ta fasa shan maganin gwiwa, tunda shi ma na kumburi ne. Daga nan diklofenak, wanda a da sai ciwo ya matsa take sha, ya zama safe da yamma kullum. Da barci ya gagara aka ƙara mata Piriton, maganin ƙaiƙayi mai sa barci, da dare.

Wata bakwai aka yi a haka kafin faɗuwa ta biyu. Mantuwar ba ta ragu ba. Ƙafafunta suka fara kumbura, ta fara kukan zafin ciki, ta zama mai yawan gyangyaɗi da rana. Gyambon yana rufewa yana buɗewa. Ba a auna sukarinta ko hawan jininta ko sau ɗaya a wannan tsakani ba.

Fabrairu 2022: faɗuwa ta biyu

Kwana biyu surukar na jin fitsarin Hajiya da wari mai ƙarfi, tana kuma jiƙa zane, abin da ba ta taɓa yi ba. A dare na uku ta buɗe ƙofa ta fita. Da asuba masu zuwa masallaci suka same ta wajen kasuwar Asawase, ba takalmi ba mayafi, tana cewa itace za ta sayo kafin masu saye su iso.

Daga ranar raɗe-raɗi suka fara: me tsohuwa ke yi a waje tsakar dare? Ba wanda ya furta kalmar maita a gaban iyalin, amma wasu iyaye sun hana 'ya'yansu shiga gidan. Duk mai zaune a Gana ya san inda irin wannan magana kan kai. A Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, da duka a Kafaba kan zargin maita. Tsoro ya sa ɗanta ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakinta.

An kai ta wani ƙaramin asibiti. Aka yi mata allurar barci, aka ce tsufa ne, aka sallame su ba a duba fitsari ba. Ta yi kusan wata guda kafin ta natsu. Bayan wannan karon ta daina iya kai sallah ƙarshe ita kaɗai: takan yi raka'a shida a azahar, ko ta yi sallama a ta biyu. Sunayen ƙananan jikoki ma suka ɓace mata.

Mayu 2022: gwaji

Wata nas 'yar zango da ke zuwa gidan gaisuwa ce ta nace a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Iyalin suka yi karo-karo, aka je.

Hawan jininta 172 bisa 98. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata uku, ya ba da 10.2, alhali daga 6.5 ake cewa mutum na da ciwon. CRP, furotin da hanta ke saki in akwai kumburi a jiki, ya kai 38, inda ake son ya kasance ƙasa da 5. Ƙodarta ta yi rauni. Akwai ƙwayoyin cuta a fitsari. Gyambon na nan da ruwa, dasashi ya janye daga haƙora yana fitar da mugunya. Sauran gwaje-gwajen da kan tona wani dalilin mantuwa mai warkewa, kamar na maƙoƙo da na bitamin B12, sun fito lafiya. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ta ɗan motse, da tabo-tabo na lalacewar ƙananan jijiyoyin jini.

Ƙwaƙwalwar tata an auna ta da gwajin IDEA, wanda aka tsara a Tanzaniya domin tsofaffin da ba su yi boko ba. Ana tambayar ranar mako, a sa mutum ya lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ya tuno kalmomi 10 da aka faɗa masa, ya jera tsinken ashana bisa wani fasali. Da Hausa aka yi mata, nas ɗin na fassarawa. "Hajiya, yau wace rana ce?" Ta dubi surukarta ta ce, "Ke faɗa masa mana, ai kin sani." Ta sami maki 6 cikin 15.

Likitan ya ce ciwon mantuwa ne mai tushe biyu, na Alzheimer da na jijiyoyin jini, sannan a kansa akwai ɗimuwar da cutar jiki ke jawowa. Hajiya ɗaya ce cikin mutum fiye da miliyan 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta suna fama da wannan ciwo, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suke.

Abin da aka fahimtar da iyalin

Tambayar ɗanta ita ce: me ya haɗa ƙafa da fitsari da haƙori da kai? Amsar na buƙatar a ɗan tsaya.

Kumburi iri biyu ne. Akwai wanda kowa ya sani: ka yanke, wurin ya yi ja ya yi zafi ya tasa, garkuwar jiki ta gama aikinta, ya saɓe. Wannan wutar kara ce. Na biyun garwashi ne a ƙarƙashin toka, yana ci shekara da shekaru ba zazzaɓi ba raɗaɗi, sai gwajin jini ke tona shi. A 2000 wani masani ɗan Italiya, Claudio Franceschi, ya bayyana cewa irin wannan kumburi na ƙaruwa da shekarun mutum, kuma yana da hannu a yawancin cututtukan tsufa.

Ɗaya daga cikin tushensa shi ne tsufan ƙwayoyin halittar jiki su kansu. Tun 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayar jikin mutum da aka rena a ɗakin gwaji kusan sau 50 take rabuwa, sai ta tsaya. Ba ta mutu ba, amma ba ta ƙara haihuwa. Tsayawar na da amfani, domin ita ke hana ƙwayar da ta lalace rikiɗewa ta zama ciwon daji. Sai dai a 2008 ɗakin binciken Judith Campisi a Amurka ya nuna cewa waɗannan tsofaffin ƙwayoyi ba shiru suke zaune ba. Suna ta tsiyayar da sinadaran da ke kiran kumburi, irin su IL-6 da IL-8. A jikin matashi garkuwa na kwashe su. A jikin tsoho suna taruwa, kuma yawan sukari a jini da shaƙar hayaƙi na cikin abubuwan da ke gaggauta taruwarsu.

Ƙwaƙwalwa tana da nata masu gadi, ƙwayoyin da ake kira maikurogiliya. Aikinsu share datti ne, har da dunƙulen furotin amiloyid da ake samu a ƙwaƙwalwar mai cutar da Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906. A 2013 aka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda a kan waɗannan masu gadi take aiki, na ninka haɗarin cutar kusan sau uku. Wannan ya ƙarfafa cewa garkuwar ƙwaƙwalwa na cikin tushen ciwon, ba 'yar rakiya ba ce. In ƙwaƙwalwa ta tsufa, ga amiloyid da furotin tau sun taru, masu gadin nan kan zama a tunzure. Da saƙon kumburi ya iso daga mafitsara ko gyambo ta cikin jini, sai su wuce gona da iri, su illata mahaɗar jijiyoyin da tunani ke bi. Hawan jini da sukari kuma sun riga sun raunana katangar da ke tace abin da ke shiga ƙwaƙwalwa daga jini.

An ga wannan a jikin mutane. A Southampton ta Ingila, Clive Holmes da abokan aikinsa sun bi masu cutar Alzheimer 300 na wata shida, suka wallafa a 2009 cewa waɗanda wata cuta ko rauni ya tayar musu da kumburi a jiki, ƙwaƙwalwarsu ta ja baya ninki biyu na sauran.

Yuni 2022 zuwa Maris 2023: abin da aka yi

An tsayar da diklofenak nan take, aka maye gurbinsa da farasitamol da man shafawa a gwiwa. An cire Piriton, domin yana cikin magungunan da ke toshe sinadarin asetilkolin, wanda ƙwaƙwalwar mai mantuwa ke ƙarancinsa tun asali. Aka ba ta maganin ƙwayoyin cutar da gwajin fitsari ya nuna zai kama su. Gyambon aka riƙa wankewa ana ɗaurewa a asibitin unguwa, ya rufe a Satumba. Likitan haƙori ya cire haƙora uku da suka ruɓe, ya wanke sauran. Aka daidaita maganin sukari da ƙarfin ƙodarta, aka ɗora ta a kan amlodifin na hawan jini, aka kuma ɗauke shan magani daga hannunta zuwa hannun surukar.

An gwada donefezil, maganin da ake ba masu Alzheimer, miligiram 5 da dare. Ya sa ta gudawa da ƙin abinci, bugun zuciyarta ya ragu, aka janye shi bayan mako shida.

Sauran aikin na gida ne, kuma shi ya fi wuya. Aka cire kwaɗo, aka rataya ƙararrawa a ƙofar zaure. Surukar ta ajiye gorar ruwa da take tabbatar an shanye ta kafin la'asar, domin Hajiya ba ta jin ƙishi. Bayan sallar la'asar wata jika kan riƙe hannunta su zaga layi. Girkin gida ya koma kan gas, aka daina zaunar da ita kusa da murhu. Limamin unguwa ya yi magana a wa'azi kan ciwon mantuwa ba tare da ambaton kowa ba, matan islamiyya suka dawo da ita cikinsu ranar Asabar da Lahadi. Surukar ta buɗe littafi tana rubuta sukari da hawan jini da duk ranar da ta ga Hajiya ta canza. Aka kuma kafa doka guda: duk ruɗewar da ta zo farat ɗaya, asibiti za a nufa a ranar, a duba fitsari da sukari da maleriya da ƙirji da ƙafa, tofi ya biyo baya.

A Disamba 2022 hawan jininta 138 bisa 82, HbA1c 7.9, CRP 4. Makin IDEA ya tashi zuwa 8.

Azumin 2023

Ramadan ya kama a ƙarshen Maris, cikin zafi. Hajiya ta ce ba wanda ya isa ya hana ta azumi. In an kawo abinci da rana sai ta ture. "Mma, likita ya ce ku sha ruwa." "Likita ne zai tsaya mini gobe kiyama?" A mako na biyu ta fara gyangyaɗi, ta kira ɗanta da sunan ƙaninta da ya rasu.

A yinin aka kai ta. Jikinta ya bushe, ga cutar mafitsara ta dawo, CRP 29. Aka ƙara mata ruwa, aka fara magani, ta dawo hayyacinta cikin kwana huɗu. Malamin da take girmamawa ya zo har gida ya shaida mata cewa Allah Ya ɗauke mata azumi, daga bakinsa ne kawai ta yarda. Da aka auna ta a Yuni makinta 8 ne, kuma littafin surukar bai nuna wani abu da ta iya kafin azumi ta kasa bayansa ba.

2024 zuwa farkon 2025

A Yuni 2024 makinta 7, a Janairu 2025 ya koma 6. CRP bai sake haura 6 ba. Tana gida, tana cin abinci da hannunta, tana gane 'ya'yanta da surukarta, tana bin sallah in wani na gabanta, tana karanta gajerun surori ba tuntuɓe. Ba ta sanin wata ko shekara, kuma yanzu sai an taya ta wanka. Ba ta sake fita da dare ba.

Hukunci

Hajiya ba ta warke ba, kuma ba wanda ya kamata ya karanta wannan ya ɗauka an warkar da ita. Tashin maki daga 6 zuwa 8 yayewar ɗimuwa ce da fitar magungunan barci daga jikinta. Ciwon da ke ƙasa yana nan yana tafiya. Abin da ya canza shi ne salon tafiyar. Tsakanin Yuni 2021 da Fabrairu 2022 ta faɗi sau biyu, kowane karo bayan wata cuta da aka bari ta yi kwanaki, kowane karo kuma ta bar wani abu a can: lissafin kuɗi, sannan sallah. Daga Disamba 2022 zuwa Janairu 2025 maki biyu ta rasa, a hankali, kuma cutar da aka tare a yini ɗaya ba ta tafi da komai ba. Mutum ɗaya ba hujja ba ce a kimiyya, amma tafiyar tata ta yi daidai da abin da aka gani a Southampton.

Jikan nata ya yi gaskiya kan kumburi, maganin ne ya kuskure. An daɗe da gwada wannan dabara ta amfani da magungunan kumburi. A Amurka an bai wa masu Alzheimer farednison, aka wallafa sakamakon a 2000, sannan nafroksen da rofekoksib a 2003, ba wanda ya rage ja da bayan ƙwaƙwalwa. Babban gwajin ADAPT, da ya nemi hana cutar tun kafin ta fara, an tsayar da shi a ƙarshen 2004, bai kuma nuna kariya ba. Irin waɗannan magunguna ba sa taɓa gyambo ko ruɓaɓɓen haƙori da ke hura kumburin, ba sa kuma kawar da tsofaffin ƙwayoyin da ke tsiyayarsa. A jikin Hajiya diklofenak ya ƙara hawan jini ya ci ƙoda, wato ya ƙara wa jijiyoyin ƙwaƙwalwar nauyi. Ina ganin watannin da ta yi tana shan sa kullum sun yi mata illa fiye da yadda iyalin suka zata.

Magungunan kashe tsofaffin ƙwayoyi kuwa har yanzu a ɗakin bincike suke. A 2018 masana a asibitin Mayo Clinic na Amurka sun nuna cewa kawar da su daga ƙwaƙwalwar ɓeraye ya hana taruwar tau ya kare tunaninsu. A mutane, gwajin farko na dasatinib da kwasetin a kan masu Alzheimer, wanda aka wallafa a 2023, mutum biyar kacal ya ƙunsa, kuma ko maganin zai isa ƙwaƙwalwa da ko jiki zai jure aka fi dubawa. Dasatinib maganin ciwon daji na jini ne. Duk wanda ya tallata maka ƙwayar sabunta ƙwaƙwalwa a kasuwar Kejetia ko a WhatsApp, kuɗinka yake so.

Abin da ya fi ci mini rai wata 11 ɗin nan ne, daga Yuni 2021 zuwa Mayu 2022. Gwajin fitsari da na sukari da awon hawan jini ba sai an je asibitin koyarwa ba, kuma da an yi su a makon farko na sambatun, da wataƙila lissafinta ya daɗe bai tafi ba. Kafin wannan ma akwai shekara 10 na shan magani jefi-jefi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa na da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu har da hawan jini, ciwon sukari, gurɓatacciyar iska, rashin motsa jiki da kaɗaici. Biyar ke nan, kuma duka biyar ɗin Hajiya ta haɗa su.

A zuwan Janairu 2025 nas ɗin ta ce wa surukar ita ma ta miƙo hannu. Shekarunta 46, ta yi shekaru tana girki a murhun nan, kuma tun 2021 ba ta samun cikakken barci. Awon ya nuna 156 bisa 96, aka sake bayan mako biyu bai sauka ba. An ɗora ta a kan magani, ƙanwar mijinta kuma ta karɓi kwana da Hajiya dare biyu a mako.